Shawarwari kan TikTok da siyasar Indonesiya

Da dama daga cikin waɗanda suka tattauna zaɓen Indonesiya na 14 ga Fabrairun 2024 bakinsu ya zo ɗaya: TikTok ba ruwansa da gaskiya, daɗewarka kan bidiyo yake aunawa. Shi ya sa rawar Prabowo Subianto, ɗan takarar da ya lashe zaɓen shugaban ƙasa, ta fi bayanin manufofi yaɗuwa. Kada ka tsaya zagi a ƙarƙashin bidiyon ƙarya, sharhin naka ma talla ne. Danna alamar ba ka so, ka wuce. Sabon asusu mai maimaita jimlar da wasu suka rubuta, galibi sojan baka ne na haya.

Saƙon WhatsApp kuwa, a tantance shi a shafin Mafindo, ƙungiyar tantance labarai ta Indonesiya, kafin turawa, domin dokar ITE ta 2008, wato dokar Indonesiya kan bayanai da mu'amala ta intanet, tana iya kama mai yaɗa ɓatanci, ko da ba shi ya rubuta ba.