Za a iya kiwon nematod masu kashe ƙwari a gida?

Mai Lambun Bayan Gida:
Assalamu alaikum. Bana gwazarma da tsutsar da ke yanke dashe da daddare sun hana tumatirina da attaruguna tsayawa, kuma ba na son fesa magani saboda yara suna shiga lambun. Na ji ana kiwon nematod, wato wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da ke cikin ƙasa, don kashe irin waɗannan ƙwari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, nematod ɗin da na sani su ne masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli. Ina neman ƙarin haske.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Masu ɓata saiwa dangin Meloidogyne ne, waɗanda ake kiwo kuwa Steinernema da Heterorhabditis ne, kuma ba ruwansu da tsiro. Suna shiga jikin tsutsa su saki ƙwayoyin cutar da suke ɗauke da su, ta mutu cikin kwana 2, sannan su hayayyafa a cikin gawarta. Ki nemi irin farko daga ɗakin binciken aikin gona ko amintaccen mai sayarwa, domin da ido kawai ba a bambance su.

Mai Kiwon Zuma:
Abincinsu mafi dacewa shi ne tsutsar da ke cinye saƙar zuma a cikin amya, wadda mu masu zuma muke kuka da ita. Ina shimfiɗa takarda mai laima a ƙaramin faranti, in ɗiga ruwan da irin nematod ɗin ke ciki, in zuba tsutsa 10, in rufe a wuri mai duhu. Wadda Heterorhabditis ya kashe takan yi ja kamar jan bulo, ta Steinernema kuma ruwan ƙasa-ƙasa. Duk wadda ta yi baƙi tana wari ruɓa ta yi, a zubar da ita.

Bayan haka sai a kifa murfin kwalba a cikin faranti mai faɗi, a lulluɓe shi da takarda yadda gefenta zai taɓa ɗan ruwan da aka zuba a ƙasa, a jera gawarwakin a kai. Wannan dabara ta wani masani ce mai suna G. F. White tun 1927. Cikin mako 1 zuwa 2 'ya'yan nematod ɗin za su gangaro, ruwan ya yi hazo-hazo.

Malamin Gona:
Ina ƙarawa da cewa zafi ne babban abokin gabarsu a ƙasarmu. A watan Afrilu farantin da aka bari a ɗaki mai rufin kwano ba zai kai labari ba, don haka a ajiye shi kusa da randa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe domin kulorin, sinadarin da ake tsabtace shi da shi, ya fita. Hajiya, ki jiƙa ƙasa tukuna, ki zuba su da gwangwanin ban ruwa daf da magariba domin hasken rana yana kashe su, sannan kada ki bar ƙasar ta bushe har mako 2.

Mai Lambun Bayan Gida:
Na gode, malamai. Maƙwabcinmu yana da amya, gobe zan aika a tambaye shi tsutsar.