Rami, Giɓi Ko Ɓaraka?

'Yan uwa masu karatu a nan Jos, ina neman taimakonku a kan kalma guda. Turawa suna cewa "plot hole" idan labari ya faɗi wani abu a nan, can gaba kuma ya zo da abin da ya ƙaryata shi. Mu me za mu ce? Wani Malam ya riga ya ba da shawarar mu ce giɓin labari, zan dawo kanta.

Misalin da ke damuna yana cikin littafin C. S. Lewis na farko a kan ƙasar Narnia, wanda ya fito a 1950, inda yara huɗu suka shiga wata duniya ta cikin kabad ɗin kaya. An ce mayya ta kulle ƙasar cikin ƙanƙara, shekara 100 babu damina babu bazara. Amma da yaran suka sauka a gidan Mista Biba, wata dabbar ruwa mai magana (beaver a Turance), sai ga dafaffen dankali da madara da man shanu. Duk wanda ya taɓa ganin buhunan dankalin Bokkos da Mangu a Farin Gada ya san wahalar nomansa. Wa ya noma wannan? Ina shanun suke kiwo?

Wannan ƙarami ne ma. Biba ya ce wa yaran ɗan Adam bai taɓa taka Narnia ba kafin su. Sai wani littafin Lewis na Narnia da ya fito a 1955 ya nuna cewa sarkin ƙasar na farko mutum ne, Frank, mai tuƙin keken doki daga Landan.

Ƙanwata ta ce mu kira shi ramin labari. Ƙanwa, na gode, amma wannan Turancin ne muka sa wa hula. Bahaushe in ya ji rami, tunaninsa kura ko ɓera, ba saɓani ba.

Malam, shawararku ta giɓin labari ita ta fi ɗaukar hankalina, kuma ba zan yar da ita ba. Sai dai giɓi wuri ne da aka bari babu komai, kamar yadda ake cewa giɓin kasafin kuɗi. A littafin 1950 akwai fitilar titi tsaye a tsakiyar daji, ba a faɗi wanda ya kafa ta ba. Wannan shi ne giɓi, kuma Lewis ya cike shi a 1955: mayyar ce ta ɓalle ƙarfe daga wata fitila a Landan, ta jefi zaki Aslan da shi, ƙarfen ya faɗi ƙasa ya tsiro. Babu abin da ya ƙaryata wani a nan, bayani ne ya makara. Maganar Biba da sarautar Frank kuwa duk an faɗe su, sun ƙi zama inuwa ɗaya. Ku duba, Malam, ko za mu bar wa giɓi aikinsa daban.

Tufka da warwara ta dace da ma'ana, amma halin marubucin take nunawa, ba ta nuna wurin. Ba ka iya cewa "na ga tufka da warwara biyu a babi na 7".

Ni na tsaya a kan ɓarakar labari. Ɓaraka tana faruwa ne inda aka haɗa ƙyalle biyu ɗinki ya saki, kuma tana zuwa da aikatau ɗinta: a gano ɓaraka, a ɗinke ɓaraka. Masu nazarin adabi da ke magana a kan zubi da tsari suna iya cewa ɓarakar zubi.

Roƙona ɗaya, kada mu riƙa liƙa kalmar a kan kowane abin mamaki. Zaki mai magana ba ɓaraka ba ne, kamar yadda ba wanda ke tuhumar Gizo don ya yi hira da Ƙoƙi. Labarin ne ya kafa wannan dokar tun farko, muka yarda. Sai ya karya dokar da shi ya kafa sannan mu ce ya yi ɓaraka. Malam, idan kun amince, dankalin nan ɓaraka ce ko giɓi? Ni dai ɓaraka na sa shi.