Da wane darasi za a fara wa amintattun gidan kayan tarihi?

Malamin Makaranta, Maradi: Assalamu alaikum. An kafa kwamitin amintattu domin kula da wasu kayan tarihi da aka tara a garinmu, wato tambura, takubba, sulke da tsofaffin takardun ajami, kuma yawancin 'yan kwamitin dattawa ne masu mutunci waɗanda ba su taɓa irin wannan aiki ba. Da me ya dace a fara koyar da su, ba tare da sun ɗauka ana tuhumar amanarsu ba?

Bagobiri, Tibiri: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da batun da ya fi nauyin faɗa, wato cewa ɗan kwamiti mai riƙon amana ne, kayan ba mallakarsa ba ne. Ƙa'idojin ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, waɗanda aka amince da su a 1986 aka sabunta a 2004, sun hana a bar ma'aikaci ko ɗan kwamiti ko iyalinsu su sayi abin da gidan ya fitar daga ajiyarsa, kuma kuɗin da aka samu daga irin wannan sayarwa, kan kayan ajiyar kaɗai za a kashe shi. Idan aka karanta wannan tun zaman farko, kafin wata matsala ta taso, babu wanda zai ji da shi ake.

Hajiya Mai Rajista: Ni asalin kaya ya fi damuna. Dattijo yana jin nauyin tambayar mai kyauta inda ya samo abu, alhali nan ɓarna take shigowa. Ku ba su labarin tukwane da gumakan yumɓu na Bura, waɗanda aka gano a yammacin Nijar a 1975, sannan masu haƙar sata suka wawashe wuraren har ICOM ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Dokar ƙasarmu ta 1997 kan kare kayan gado ita ma a karanta musu.

Bagobiri, Tibiri: Gaskiya ne, Hajiya. Amma abin da za su fi cin karo da shi a Maradi aro ne: a zo daga fada ko daga gidan da ya ba da takobi a ce ana bukatarsa don hawan salla.

Hajiya Mai Rajista: Wannan ba na ganin a hana shi gaba ɗaya, domin kayan sarauta suna da masu su a raye. Sai dai kwamiti ne zai yanke shawara a zaune, a rubuta yanayin abin kafin ya fita, a ɗauki hotonsa, mai karɓa ya sa hannu, a kuma sa ranar mayarwa. Takardun ajami kuwa, hotonsu kawai za a bayar.