Dan Allah wa ya san inda zan ga alƙaluman haihuwa a taswirar da ake taɓawa?

Maman Hibba, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Ina karatun ungozoma ne a nan Zariya, an ba mu aiki mu yi wa matan unguwa bayani kan zuwa awo da haihuwa a asibiti, to ni kuma na gaji da wannan jadawalin lambobi na cikin takarda, da ka fara karantowa sai ka ga kowa ya koma kan wayarsa. Wata ta ce min akwai shafin da in ka taɓa jiha sai lambarta ta fito, ka canza shekara kala ta canza. Dan Allah wanne ne, kuma zai buɗe a waya? Datata ba ta da yawa.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. STATcompiler ake ce masa, na mutanen DHS masu binciken lafiya da yawan jama'a a ƙasashe, su ne ke binciken NDHS, wato na gida-gida na Najeriya, tare da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ki zaɓi Najeriya, ki zaɓi abin da kike nema, sai ki ce ya rarraba miki bisa shiyya. Ni abin da ya girgiza ni ranar da na fara taɓawa, a binciken 2018 mace ɗaya a Najeriya tana haihuwar yara 5.3 a matsakaici, amma Arewa maso Yamma 6.6, Katsina 7.3, Legas kuma 3.4, kin ga ai ba ƙasa ɗaya kike kallo ba in kin tsaya kan lambar farko kawai. Na 2023 zuwa 2024 ya sauko 4.8. In kwatanta mu da Nijar ko Ghana kike so, shafin Our World in Data ya fi sauƙi, kina jan ɗan maɓallin shekara layin yana tafiya. A waya yana buɗewa, STATcompiler kuwa gara ki samu laftof.

Anti Nas:
Ƙanwata ki ji da kyau. Kada ki haɗa na binciken gida-gida da na DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya wadda mu ma'aikatan asibiti muke cikewa daga rajistar asibiti duk wata. DHIS2 ɗin wadda ta zo asibiti kaɗai yake ƙirgawa. Matar da ta haihu a ɗaki da tsakar dare, ungozomar gargajiya ta yanke cibi, da safe aka ɗora ruwan wankan jego, ba ta cikinsa sam, kuma su ne suka fi yawa a wajenmu, a 2018 kashi 39 cikin 100 ne kawai suka haihu a asibiti a faɗin ƙasar, a shiyyarmu ko kashi 20 bai kai ba. Wallahi abin na ci min rai, don zubar jini da jijjiga ba sa jira a nemo mota. Lambar mutuwar mata sanadin ciki da haihuwa, 512 cikin haihuwa 100,000 a binciken 2018, ita ma ta ƙasa baki ɗaya ce, kada wani ya liƙa wa Zariya ita a allo.

Malam Kongo:
Ƙari kaɗan. Ki gwada rarrabawa bisa ilimi, a binciken 2018 wadda ba ta yi boko ba yara 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4. Amma ki bi a hankali wajen faɗa, kada mata su ɗauka kin zo hana su haihuwa ne, nan take za su watse. Ki fara da awo, a 2018 kashi 57 ne suka je sau huɗu ko fiye, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce sau takwas.

Maman Hibba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti shawararki zan bi, zan ɗauki hoton taswirar in sauke a waya tun daga gida saboda sabis ɗin makarantar Islamiyyar da zan yi bayanin ba ya ja. Ɗan Samaru, ta ina ake canza shi daga jadawali zuwa taswira?