Abin da tsofaffin masu fasa dutse da nakiya suka gaya wa sabbin shiga

A hirar da aka yi da wasu da suka daɗe suna aikin nakiya a wuraren fasa dutse na Mpape, kusa da Abuja, maganar lasisi suka fara kawowa. Dokar abubuwan fashewa ta 1964 ce ke aiki a Najeriya, kuma ma'aikatar ma'adinai ce ke ba da izini. Duk abin da ya fita daga ma'ajiya a rubuta shi, wanda ya rage a mayar ranar. Nakiya da abin tayar da ita ba sa kwana ɗaki ɗaya. Wani ya tuna fashewar unguwar Bodija a Ibadan, cikin Janairun 2024, wadda hukuma ta danganta da nakiyar da aka ajiye a gidan zama.

Maganar da suka fi daɗewa a kai ita ce ta ramin da aka ɗura wa nakiya amma ya ƙi tashi. Nan ake asarar rai. Kada a yi saurin leƙawa, a jira lokacin da ƙa'ida ta gindaya, sannan mai lasisin ya je shi kaɗai. Kada kuma a sake zura injin huda cikin tsohon rami, ko da ya yi kama da fanko. A ganina wannan ta fi kowace shawara nauyi.

Da damina, da an ji cida a watse daga wurin. Kafin a tayar da nakiya kuma, a busa jiniya, a tare hanya, domin tsakuwa na tashi nesa har kan rufin mutane. Ƙura kuwa sannu take cin huhu, takunkumi da abin toshe kunne ba ado ba ne.