Mai zaman kansa ko mai cin gashin kansa: neman sunan mawaƙin da ba ya ƙarƙashin babban kamfani

'Yan'uwa marubuta da masu fassara, ina so mu tsayar da magana a kan kalma guda wadda ta daɗe tana yi mana yawo a baki, wato abin da ake kira "independent artist" da Turanci, ko "indie" a taƙaice. Duk mai rubuta labarin waƙa, ko sanarwar gasa, ko shawarar yadda mawaƙi zai tallata aikinsa, sai ya ci karo da ita, kuma mafi yawanmu muna rubuta "mawaƙi mai zaman kansa" mu wuce, ba tare da mun auna ko kalmar ta iya ɗaukar kayan da muka aza mata ba. A ganina ba ta iya ba.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. Wannan kalma a kasuwa aka haife ta. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kaso mafi tsoka na cinikin waƙoƙin da aka naɗa a duniya, su ne Universal da Sony da Warner. A shekarun 1990 su shida ne, sai suka riƙa haɗiye juna: PolyGram ya narke cikin Universal bayan cinikin 1998, Sony da BMG suka haɗe a 2004, sannan Universal ya saye ɓangaren faifan EMI a 2012. Wanda duk yake harkarsa a wajen inuwar waɗannan manya, shi ake yi wa wannan laƙabi. A Ingila, sa'ad da aka fara fitar da jadawalin cinikin irin waɗannan faya-fayai a 1980, abin da ake dubawa shi ne hanyar da faifai ya bi ya isa hannun mai saye, idan ba ta hannun babban kamfani aka rarraba shi ba, ya cancanci shiga. Ke nan tun asali tambayar ita ce wa ke riƙe da akala, kuma daɗin murya ko irin kiɗan da ake yi bai shigo cikin lissafin ba.

To, a Hausa "mai zaman kansa" yana da abokin burmi da kunne ya riga ya saba da shi, wato gwamnati. Makaranta mai zaman kanta ita ce wadda ba ta gwamnati ba, haka asibiti, haka gidan rediyo. Da wannan ma'auni Universal ma kamfani ne mai zaman kansa, Sony da Warner ma haka, tun da babu gwamnatin da ta mallake su. Idan muka ce "kamfanin waƙa mai zaman kansa" mun haɗa giwa da ɓera a keji ɗaya, alhali kuwa an ƙirƙiro kalmar ne domin a raba su. Mai karatu da bai san harkar ba zai ɗauka akwai wasu mawaƙa da ke karɓar albashin hukuma, shi kuma wannan ba ya cikinsu.

Akwai aibi na biyu da ya fi wannan nauyi, kuma ina mamakin yadda muke kauda kai daga gare shi. Ku juya kalmar zuwa jinsin mace ku ji abin da zai fito. Duk wanda ya tashi cikin harshen nan ya san abin da ake sakayawa idan aka ce mace "mai zaman kanta" ce, ko aka ce "mata masu zaman kansu". Editan da ya rubuta cewa wata mawaƙiya mai zaman kanta ta lashe gasa ya ci zarafinta da bakinsa alhali yabo ya yi niyya. Kalmar fasaha da ba za a iya kiran mata da ita ba sai an yi ta kewaye-kewaye, ba ta cika kalma ba, kuma wannan kaɗai ya isa a ajiye ta.

Wasu za su ce a koma ga 'yanci, a ce "mawaƙi mai 'yancin kansa" ko "'yantaccen mawaƙi". Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a shekarun 1990 mawaƙin Amurka Prince ya riƙa fitowa da kalmar da ke nufin bawa rubuce a kumatunsa, lokacin da yake takun saƙa da Warner a kan mallakar waƙoƙinsa. Sai dai abin da Prince ya yi zanga-zanga ce, mu kuwa suna muke nema wanda ɗan jarida zai yi amfani da shi kullum ba tare da ya ɗauki ɓangare ba. Idan wannan 'yantacce ne, wanda ya sa hannu da kamfani bisa son ransa ya zama bawa ke nan, kuma wannan hukunci ne da bai kamata a cusa shi cikin suna ba. "Mai gaban kansa" kuma ba sai an daɗe a kansa ba, domin yin gaban kai zargi ne da ake yi wa wanda ya ƙi shawara.

"Marar kwantiragi" kalma ce mai kyau, amma gurbinta daban, kuma a fagen gasa ne bambancin ya fi fitowa fili. Gasar Tiny Desk ta gidan rediyon NPR na Amurka ta shimfiɗa sharaɗi cewa mai shiga kada ya kasance yana da yarjejeniyar naɗin waƙa da wani kamfani a lokacin da yake shiga. Wanda ya fara lashe ta a 2015, Fantastic Negrito, ya taɓa zama a ƙarƙashin kamfanin waƙa na Interscope a shekarun 1990, amma da yake yarjejeniyar ta daɗe da mutuwa, ƙofa a buɗe take gare shi, kuma daga baya ya ci kyautar Grammy a 2017. Abin da sharaɗin ke tambaya shi ne ko akwai takarda mai rai a yau. Mawaƙin da ya sa hannu da ƙaramin kamfani wanda ba na manyan ukun ba, a kasuwa ana lissafa shi cikin 'yan "indie", amma a irin wannan gasa ba shi da wuri. Idan mai fassara ya ba kalmomin biyu, wato "indie" da "unsigned", suna ɗaya, zai sa mutum ya ɓata lokacinsa yana shirya bidiyon gasar da ba ta karɓar irinsa. Saboda haka ina ganin a bar "marar kwantiragi" ta tsaya wa "unsigned" ita kaɗai.

Saura aro kai tsaye, a rubuta "indi". Ba na ƙyamar aro, harshenmu cike yake da shi. Matsalar ita ce kunne zai ji "waƙar indi" ya tafi Indiya, kuma ko a Turancin ma kalmar ta riga ta rabe biyu, domin bayan ma'anar kasuwa ta zama sunan wani salon kiɗan jita, har ana kiran ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni da ita saboda sautinsu kawai. Idan salon ake nufi, a ce "salon indi", ba ni da ja. Idan matsayin mawaƙi a kasuwa ake nufi, muna da abin da ya fi ta a gida.

Abin da nake kawowa shi ne "mai cin gashin kansa". Ba sabuwa ba ce, kuma wannan yana cikin ƙarfinta, domin kalmar da sai an yi mata sharhi kafin a gane ta ba ta yin nisa. Ku dubi ginin maganar: akwai gashi, akwai ci, kuma mutum ɗaya ne a bakin wuta da bakin akushi. Wannan shi ne ainihin halin mawaƙin da muke magana a kansa. Shi ke biyan kuɗin situdiyo, shi ke tsayar da ranar fitar da waƙa, kuma uwar faifai, wato asalin naɗin da ake kwafar sauran daga gare shi, tana hannunsa, don haka abin da ya shigo nasa ne, asarar ma tasa ce. "Zaman kai" yana nuna inda mutum yake zaune kawai, amma "cin gashin kai" ya haɗa wahala da moriya, waɗanda su ne ginshiƙan ma'anar.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne yadda muke amfani da kalmar a siyasa. Idan aka ce yanki mai cin gashin kansa, ba a nufin ya yanke hulɗa da kowa, ana nufin shi ke yanke hukunci a kan al'amuransa ko da yana da alaƙa da na sama da shi. Haka lamarin yake a waƙa. Macklemore da Ryan Lewis sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 2013 ba tare da sun sa hannu da babban kamfani ba, amma sun ɗauki hayar ADA, reshen rarrabawa na Warner, ya yi musu aiki. Chance the Rapper ya ci Grammy uku a 2017 da kundin da ba a sayar da shi ba, sauraro kawai ake yi a intanet, kuma shi da kansa ya bayyana cewa Apple ya biya shi dala 500,000 domin kundin ya zauna a Apple Music kaɗai na mako biyu. Da "'yantacce" muka zaɓa, da an yi ta gardama ko waɗannan sun cancanci sunan. Da "cin gashin kai" gardamar ta yi sauƙi, domin wanda ya yi hayar murhu bai sayar da namansa ba.

Labarin Taylor Swift kuma ya nuna cewa dole mu lura da wanda muke jingina wa siffar. Kundayenta shida na farko a Big Machine ta yi su, kamfanin da ba mallakar manyan ukun ba ne. Duk da haka uwayen faya-fayan na kamfanin ne, aka sayar da shi tare da su a 2019, ta shiga sake naɗa waƙoƙin, sai a 2025 ta sanar da cewa ta saye su. A nan kamfanin ne mai cin gashin kansa, ita kuwa a waɗancan shekaru gasawa take yi wani na riƙe da akushin. Turanci yana lulluɓe su biyun da kalma guda, mu kuwa muna iya rabewa cikin sauƙi: "kamfani mai cin gashin kansa", da "mawaƙiyar da ke ƙarƙashin kamfani mai cin gashin kansa", da "mawaƙiya mai cin gashin kanta". Ƙungiyoyi irin su Merlin, wadda ke ƙulla yarjejeniya da manhajojin sauraro a madadin membobinta, da A2IM ta Amurka da aka kafa a 2005, na rukunin farko suke wakilta.

Amfanin kalmar ya fi bayyana idan aka zo rubuta shawarwarin talla, domin ita kanta tana gaya wa mai karatu cewa aikin a wuyansa yake. Shi zai nemi dillalin da zai ɗora masa waƙa a manhajoji, irin su CD Baby ko TuneCore ko DistroKid. Shi zai miƙa waƙarsa ga editocin Spotify tun ba ta fito ba, aƙalla kwana 7 kafin ranar, idan yana so ta shiga jerin sababbin waƙoƙin da ake tura wa mabiyansa. Shi ne kuma ya kamata ya san cewa ba a ƙirga sauraro a wannan manhaja sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta shiga rabon kuɗin naɗi. Mawaƙin babban kamfani yana da ma'aikatan da ke bin waɗannan ƙa'idoji a madadinsa, shi kuwa namu idan ya yi barci waƙar ta ƙone a kan wuta.

Na san za a ce kalmar ta yi tsawo ga kanun labari, kuma gaskiya ne, sai dai kalma ɗaya tak ta fi "mai zaman kansa" da ita, kuma tana da sunan aiki a shirye, ana iya cewa "waƙar cin gashin kai" ko "gasar masu cin gashin kansu". Wani mai barkwanci zai ce a rubuce ba a bambanta gashin wuta da gashin da ake aski, tun da ba ma sa alamar tsawon wasali. Ban taɓa jin wanda ya karanta "mulkin cin gashin kai" ya tuna wanzami ba.

Inda har yanzu nake ganin za a sha gardama shi ne kan dillalan da manyan kamfanoni suka saye. The Orchard na Sony ne, haka AWAL tun 2021, kuma dukansu suna rarraba waƙoƙin mutanen da uwayen faya-fayansu ke hannunsu. Ni ina lissafa irin wannan mawaƙi cikin masu cin gashin kansu muddin mallaka da ikon fitarwa ba su bar hannunsa ba, amma idan labarin ya shafi gasa, mai fassara ya karanta sharaɗin da kyau, domin wasu gasannin suna hana duk mai alaƙa da reshen babban kamfani, kuma a can sai a rubuta sharaɗin dalla-dalla yadda masu gasar suka gindaya shi.