Wai idan alƙalan wasa suka shiga yajin aiki, wa yake busa wasan?

Na Gidan Kallo:

Salam jama'a. Musu ne ya kaure jiya a gidan kallonmu bayan rafali ya hana mu fenariti ƙiri-ƙiri, wani ya ce ai da zai samu iko da ya kori alƙalan nan gaba ɗaya ya ɗebo wasu, tunda busa usur ba wani karatu ba ne. Sai wani yaro ya ce ai an taɓa yin haka a Amurka, wai har Messi ya buga wasa a hannun alƙalan aro. Muka yi ta yi masa dariya. Amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai, wai da gaske ne babbar gasa tana iya cewa alƙalanta su zauna a gida ta kawo 'yan cike gurbi? Kuma in an yi hakan, ana ganin bambanci kuwa? Don ni wallahi yadda na asalin suke kwafsawa ban ga abin da na aro za su ƙara ɓatawa ba.

Sarkin Musu:

Ku je ku ba yaron nan haƙuri, gaskiya ya faɗa muku. A farkon kakar 2024 ta MLS ne, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, alƙalan suka ƙi amincewa da yarjejeniyar albashi da aka kawo musu, sai hukumar da ke ɗaukarsu aiki ta ce to kar wanda ya zo, ta kawo wasu. Ka lura ba su ne suka tafi yajin aiki ba, kulle musu ƙofa aka yi. Haka aka buɗe kaka a watan Fabrairu da Inter Miami, ƙungiyar Messi, sai ƙarshen Maris aka shirya. Abin dariyar ma, wanda aka sa zai busa wasan Miami da Orlando, ana saura 'yan awanni sai ga hotonsa yana yawo a intanet sanye da rigar Inter Miami, dole aka janye shi. Miami ɗin dai ta ci 5-0 ko ba shi. Kuma ba shi ne karon farko ba, sun yi irin wannan a 2014.

Baba Direba:

Ɗana Na Gidan Kallo, tambayarka ta biyu ita zan amsa, don na ga abin da idona amma a wata ƙwallon daban, wannan ta Amurkawa da ake rungumar ƙwallo a hannu ana gwabza kafaɗa, gasar NFL. A 2012 ina tuƙin tasi a jihar Wisconsin, kuma mutanen jihar nan yadda kuka san Kano da Pillars haka suke da Green Bay Packers, har ma ya fi, don ƙungiyar ba ta wani attajiri ɗaya ba ce, magoya baya ne ke da hannun jari a cikinta.

A watan Yuni na shekarar masu ƙungiyoyi suka kulle wa alƙalansu 121 ƙofa. Rigimar kuɗi ce, musamman fansho, su masu gasar suna so su soke tsarin da yake ba mutum tabbacin abin da zai riƙa karɓa in ya yi ritaya su mayar da shi na adashen gata, alƙalan suka ce ba su yarda ba. To manyan alƙalan gasar jami'o'i kusan duk ba su zo ba, sai aka gangara ƙasa aka tattaro na ƙananan kwalejoji da na sakandare, mutanen da wasu ba su taɓa tsayawa gaban 'yan kallo dubu sittin ba.

Mako na farko aka ce ai ba laifi. Daga na biyu abin ya fara wari. Wasa ya riƙa tsawo saboda kowane hukunci sai sun taru sun yi ta shawara, a ajiye ƙwallo a inda ba nan ba, a ba koci damar ƙalubalantar hukunci alhali ya cinye nasa. An janye wani da safiyar wasan New Orleans Saints saboda shafinsa na Facebook cike yake da hotunansa cikin kayan Saints, kun ga irin na Miami ɗin nan ke nan. Su kuma 'yan wasa, ɗana, sun fi kowa saurin gane malamin da ba ya iya riƙe aji. Suka fara riƙe riga, ture, naushi bayan an busa, kowa yana gwada iya inda zai kai. Bill Belichick, kocin New England, dattijo guda, har ya bi wani alƙali ya cafki hannunsa bayan an tashi wasa, aka ci shi tarar dala 50,000.

Sai daren Litinin 24 ga Satumba, Packers sun je Seattle. Na ajiye mota na shiga wani shagon cin abinci da ke da talabijin. Packers na gaba 12-7, saura daƙiƙa 8, Russell Wilson na Seattle ya wurga ƙwallo sama can cikin gidan ci, ta Allah ba taka ba. Golden Tate na Seattle ya sa hannu biyu ya hankaɗe Sam Shields na Packers, kowa ya gani, ba a busa ba. M.D. Jennings na Packers ya yi tsalle ya cafe ƙwallon ya rungume a ƙirji, Tate ya cusa hannu, suka faɗi tare. Alƙalai biyu suka rugo suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon abu ɗaya, ɗaya ya ɗaga hannu biyu sama alamar an ci, ɗayan yana kaɗa hannu alamar a tsayar da agogo. Shagon nan ya yi tsit, wata tsohuwa kusa da ni cokali na hannunta ta kasa kai shi baki. Aka duba bidiyo aka ce cin ya tabbata, Seattle 14, Packers 12. 'Yan Packers har sun shige ɗakin canza kaya sai da aka kirawo 11 daga cikinsu su fito a ƙarasa bugun ƙarin maki.

Washegari duk fasinjan da na ɗauka maganar ke nan. NFL da kanta ta fito ta ce turen da Tate ya yi laifi ne da ya kamata ya kashe wasan, amma sakamako ya zauna. Obama ya sa baki. Gwamnan jihar, Scott Walker, wanda ya yi suna wajen karya ƙungiyoyin ƙwadago, shi ma ya ce a dawo da alƙalan gaske, mutane suka yi ta yi masa shaƙiyanci. Rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun Yuni, cikin kwana biyu aka daidaita, yarjejeniyar shekara 8, matsakaicin albashi daga dala 149,000 zuwa 173,000 a 2013, ya kai 205,000 a 2019. Ranar Alhamis 27 ga wata da na asalin suka fito fili a Baltimore 'yan kallo miƙewa suka yi suna musu tafi. Alƙalin wasa fa! Ba a je ko'ina ba kuma aka koma yi musu ihu kamar da.

Malamar Firamare:

Baba sannu da ƙoƙari, labarin ya yi daɗi. Ni abin da ya dame ni daban ne, su waɗanda suka yarda suka karɓi usur ɗin. Mu da muka sha zaman gida wata da watanni a kan haƙƙinmu mun san zafin ka ji an ce wani ya shiga ajinka. Da ba su zo ba ai da tun makon farko an zauna an sasanta.

Baba Direba:

'Yata ba ki yi ƙarya ba, amma ni na kasa jin haushinsu. Mutum ya shekara ashirin yana busa wasan yara, rana ɗaya a ce ga filin da yake gani a talabijin, da wuya ya ce a'a. A cikinsu ne ma aka samu mace ta farko da ta yi alƙalanci a wasan NFL, Shannon Eastin. Wanda ya ɗaga hannun nan a Seattle kuwa ya sha barazana da zagi har abin ya taɓa lafiyarsa, su masu ƙungiyoyin da suka tura shi ko ƙwarzane.

Sarkin Musu:

Kuma ba kullum kuɗi ba ne. A Sikotilan, Nuwamba 2010, yajin aiki na gaske alƙalan ƙwallon ƙafa suka yi saboda zagi da zargin son kai ya ishe su, bayan rigimar wani fenariti da aka ba Celtic a gidan Dundee United aka kuma soke. Hukumar ta bazama neman aro a waje, aka samu daga Isra'ila da Malta da Lukzambok, na Fotugal har sun sauka suka juya da suka gane abin da ake ciki, na Polan ma suka fasa. Wasannin ƙananan rukuni da yawa ɗage su aka yi.

Tsohon Lamba Biyar:

Hhhh Na Gidan Kallo, don Allah ka kawo min mutumin nan da ya ce busa usur ba karatu ba ne. Ni na taɓa zama rafalin aro. Kofin unguwa ne, wasan kusa da ƙarshe, rafalin ya ce ba zai shiga ba sai an biya shi kuɗin wasa uku da yake bi, masu shiryawa suka ce ya yi tafiyarsa, suka waiwayo suka ganni, wai ai na buga ƙwallo na san doka. Na karɓa ina taƙama. Minti biyar wani ya share ƙafar wani, na ga abin sarai amma kafin in yanke shawara ƙwallo ta wuce, na ce bari in ƙyale. Shi ke nan na sayar da wasan, wanda aka tade ya rama, aka rama ramuwar, kowa na kiran sunana, gumi ya cika min ido, mai tutata ɗaya ya tsaya yana kallon wasa kamar ɗan kallo. Dokar tana kaina wlh, amma kafin ta sauko bakin usur an yi wani laifin. Da na ba da fenariti minti na tamanin ban tsaya ganin an buga ba, wani ɗan acaba ne ya fitar da ni ta bayan makaranta, takalmina ɗaya har yau yana can.

Na Gidan Kallo:

Kai yaya Lamba Biyar ka kashe ni da dariya. To na ji, zan nemi yaron in saya masa lemo. Amma fa fenaritinmu na jiya fenariti ne, wannan ko Baba Direba ya zo ba zan janye ba. Baba, wai shi Jennings ɗin da ya doke ƙwallon ƙasa kawai maimakon ya cafe, da sun ci wasan ko?

Baba Direba:

Da sun ci, tunda agogo ya riga ya ƙare. Abin da aka yi ta faɗa a motata ke nan har sati ya zagayo.